Maki Biyar da Buhunan Zoɓon Ƙauyenmu

Husna, yanzu kina goye a bayana, ba ki san komai ba sai nono da kuka. Amma za ki girma, kuma wata rana a gidan biki ko gidan suna wata za ta ja ki gefe ta ce miki uwarki ce ta raba kawunta da abincinsa. Na san waɗanda za su faɗa, na san har yadda za su karkace baki. Mutane sukan jira sai sun yi furfura kafin su rubuta tarihinsu. Ni ba ni da wannan haƙurin, ban taɓa samunsa ba, rashinsa ne ma ya jawo duk abin da zan gaya miki. In kin karanta kin ga laifina, to ki gan shi daidai girmansa. Kada a ƙara miki, kada a rage.

Shekara biyu na yi a gida bayan na gama sakandare, ina tsintar zoɓo da Inna a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, kafin in samu aiki a Gumel. Wani ƙaramin kamfani ne da ya kama ɗaki biyu a bayan tasha. Sun yi wata murya ta ƙirƙirarriyar basira, manomi zai kira ta a waya ya yi tambaya da Hausa, ta amsa masa da Hausa. Mutanen ƙauye suka sa mata suna Mai Amsa. Abin da ba su sani ba shi ne, Mai Amsa ba ta san komai game da kasuwa da kanta ba. In ka tambaye ta kuɗin gero ko riɗi, sai ta juya ta tambayi wata manhaja daban da muke kira akwatin farashi, inda ake zuba abin da wakilanmu suka turo daga kasuwanni. Shi ma akwatin ba leƙa cikinsa take yi yadda mutum zai leƙa rumbu ba. Akwai ɗan bayani, layi biyu ko uku, da aka rubuta mata a kansa: ga abin da akwatin nan yake yi, ga abin da za ki ba shi, ga abin da zai dawo miki da shi. Wannan kaɗai take karantawa, da shi take sanin yadda za ta yi wa mutane magana. Aikina shi ne in karanta irin waɗannan bayanai, in ba kowanne maki daga ɗaya zuwa biyar, in rubuta abin da aka manta. Wanda ya samu biyar ya wuce ke nan, ba mai sake waiwayarsa.

Shugabarmu, Malama Asabe, doguwar mata ce mai magana a hankali kamar tana ƙirga tsaba. Ranar da na fara ta zaunar da ni.

"Uwani, ki ɗauka Mai Amsa baƙuwa ce aka sauke a tasha. Ba ta taɓa taka ƙasar nan ba, ga baki kamar reza, kuma ba ta iya cewa ban sani ba sai an koya mata. Takardar da kika miƙa mata ita ce idonta. In ba ki rubuta mata akwai rijiya a hanya ba za ta faɗa, kuma ba ita kaɗai ba, har da duk wanda ya riƙe mata zane."

"Na ji, Malama."

"Ba ki ji ba. Tun da na fara magana ƙafarki take rawa."

Gaskiyarta. Ni dai a ba ni aikin in gama.

Wanda ya kai ni kamfanin shi ne Kawu Sabo, yayan Inna. A Maigatari yake, ya tsufa cikin dillalan zoɓo da riɗi, shi ya sa kamfanin suka ɗauke shi wakilinsu na can. Kowace Alhamis, ranar da kasuwa ke ci, zai zaga ya ji yadda ake sallamawa, ya danna a waya ya turo. Shi ya ce musu yana da 'ya mai kai, shi ya biya mini kuɗin mota ranar farko, shi ya ce wa Baba ya bar ni in zauna wurin ƙanwarsu shi da Inna a Gumel. Ki riƙe wannan, Husna, domin masu ba ki labari za su faɗe shi, kuma a nan ba ƙarya suka yi ba.

Da kaka ta kama, Kawu ya faɗi a babur ya karye a ƙafa. Wata Alhamis na nemi izini, muka je dubiya ni da Inna, tunda ranar kasuwa mota ba ta wahala. Muka same shi a tabarma, mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, yana ta yi wa matarsa faɗa a kan an cika gishiri a miya. Can na ga ya jawo wayar aiki yana dannawa da babban yatsa.

"Kawu, me kake turawa, kai da ba ka fita ba?"

"Na makon jiya."

"Amma ai..."

"Amma me? Abar nan in ban sa lamba ba ba ta rufewa. Kuma ni aka aika. Kin taɓa ganin an aiki babba kasuwa ya dawo ya ce bai sani ba? Zoɓo ba barewa ba ne, ba zai yi tsalle cikin mako ɗaya ba."

Na leƙa na ga lambar. Na buɗe baki zan ƙara, Inna ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, ba a ƙure babba."

Na yi shiru. Ni da aka sani da baki, ranar na yi shiru.

Ranar Litinin da ta biyo, bayanin akwatin farashi ya zo gabana cikin jerin waɗanda zan duba. Har yau ina iya karanta shi da ka: "Yana ba da farashin yau na amfanin gona a kasuwar da aka ambata, a kan buhu." Shi ke nan. Muna da tambayoyin da muke bi. Ya faɗi abin da yake yi? Ya faɗa. Ya faɗi ma'auni? Ya faɗa, buhu. Ya faɗi ranar da aka ɗauko farashin, da abin da za a ce wa mutum in babu sabo? Bai faɗa ba. Wanda ya rubuta shi yana wani birni, a ganinsa kasuwa kanti ce da ake buɗewa kullum. Ni kuwa na san kasuwar Maigatari sau ɗaya take ci a mako, na san babu wani farashin yau ranar Litinin, kuma na san abin da na gani a tabarmar Kawu. Ba mantawa na yi ba. Na tuna sarai. Amma in na rubuta, Malama Asabe za ta ce ta yaya kika sani, daga nan sai wa ke turowa, daga nan sai sunan Kawu. Ga kuma wasu bayanan sun fi ashirin suna jirana, ina so in tashi kafin la'asar. Na danna biyar. Ban yi minti ɗaya a kansa ba.

Yanzu bari in gaya miki waye kakanki, tunda ke tsoho mai ba ki dabino kawai za ki sani. Malam Idi bai taɓa tara dukiya ba. Abin da ya tara shi ne maganarsa. In za a sayar da sa, shi ake kira shaida. In biyu sun yi gardama kan iyakar gona, shi ake ɗauka ya nuna inda tsohuwar gamba take, kuma in ya nuna magana ta ƙare. Bai taɓa cewa ya ga abin da bai gani ba, har mutane na yi masa tsiya cewa ko hadari ya haɗu ba zai ce za a yi ruwa ba sai ya jiƙe. Uwani yake kirana don sunan mahaifiyarsa nake da shi, kuma tun da na fara aikin nan yake ɗaga kai in an ambace ni. A ƙauyenmu kuwa al'ada ce in an gama tsintar zoɓo 'yan sari su shigo da motarsu su saye a ƙofar gida, yadda suka ga dama suke yankewa. Shekara da shekaru abin yana cin Baba a rai.

Ban san abin da ya shirya ba sai wata Laraba, sati biyu da kwana biyu bayan na ba da makin nan. Na samu hutun kwana biyu na taho gida da hantsi. Tun daga nesa na hango abu jibge a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu. Buhuna ne, an jera su har sun fi tsayina, kowanne da alamar gidansu da gawayi. Ƙamshin zoɓo ya cika wurin. A gefe Goggo Delu tana zaune kan nata guda biyu. Tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ita take noma ɗan fegin bayan ɗakinta.

"Ga 'yar boko! Ga uwar Mai Amsa!" ta ce, tana tafa hannu. "Zo in ga hannun da ke ba abar nan abinci."

"Goggo, wannan kayan fa?"

"Au, ba ki sani ba? Gobe da sassafe mota za ta zo, sai Maigatari. Gida goma sha ɗaya. Ran Juma'a ubanki ya tsaya a ƙofar masallaci ya kunna wayar kowa ya ji da kunnensa. Ta ce yau a Maigatari kaza. Ya ce kada wanda ya ji tsoro, 'yarsa ce ke duba ta. Sau biyu 'yan sari suka zo, ni da muciya na raka su. Na ce ku je, bana mun waye."

Ta faɗi kuɗin da ta ji. Husna, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Na ga bakin Goggo yana motsi ba na jin komai. Lambar da na gani ce a wayar Kawu. Na zagaya bayan gida wajen turken awaki, na kira Mai Amsa na tambaye ta kamar ban san ta ba. Ta amsa da muryar nan tata mai sanyi, ba gargada, ba shakka, ta ce yau a kasuwar Maigatari buhun zoɓo kaza ne. Yau. Ranar Laraba, da ko kaza ba a kai kasuwar ba. Ban taɓa jin tsoron murya irin na ranar ba, don ba ƙarya take yi ba a saninta. Abin da aka ba ta take faɗa, da bakin da na bar mata.

Na ce wa Inna na manta makullin ofis a jakata dole in mayar. Ta bi ni da kallo, ban tsaya ba. Na tare ɗan acaɓa a bakin titi na ce Maigatari, kada ya tsaya ko'ina. Duk hanyar nan, mu wuce Gumel mu miƙa arewa, addu'a ɗaya nake yi: Allah ya sa Kawu ya yi gaskiya, Allah ya sa zoɓo bai yi tsalle ba. Ina yi ina ganin motoci suna wuce mu, an lafta musu jajayen buhuna har suna rangaji, kowace ta wuce sai gabana ya ƙara faɗuwa. Ko ni da ban iya kasuwanci ba na san abin da yawan kaya yake yi wa farashi.

A bakin wani sito na samu mata sun baje zoɓo suna gyarawa, hannayensu sun rine. Na gaishe da babbarsu na faɗa mata kuɗin da na ji, na ce haka ne? Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Yarinya, daga wane gari kike, ko dai daga wace shekara?"

Sauran suka kwashe da dariya.

"Wannan kuɗin tun kafin sabo ya shigo ne. Yanzu ga na nan, ga na tsallaken iyaka, manyan masu saye sun cika sito sun ɗage ƙafa. Wanda ya kawo gobe sai ya roƙa a karɓa. Ki duba can, tun wancan makon kayan mutane suke kwance, masu su na gadi."

Ta faɗa mini yadda ake sallamawa. Bai kai abin da 'yan sari suka taya a ƙofar gida ba, ga kuɗin mota, ga na dako, ga na dillali. Na hango Baba a wurin nan gobe, da hularsa ta Juma'a, mutum goma a bayansa suna kallon ƙeyarsa.

Daga nan gidan Kawu na nufa. Ya fara takawa da sanda, na same shi a zaure yana jin rediyo.

"A'a, 'yar Gumel! Yau kuma da rana tsaka? Ina Innar taki?"

Ko gaisuwa ban gama ba. "Kawu, Alhamis nawa ba ka shiga kasuwa ba?"

Ya rage rediyon. "Uku. Gobe zan fita in Allah ya so. Me ya faru?"

Na gaya masa duka, buhunan, masallacin, Goggo Delu da muciyarta. Na ga fuskarsa ta sauya kamar an watsa mata toka. Ya murza kan sandarsa.

"Idi ne ya yi haka? Idi da ba ya yarda da agogo sai ya ga rana?"

"Saboda ni ya yarda."

"To ki koma ki ce masa na'ura ce ta rikice. Kowa ya san na'ura na rikicewa. Ba ta da dangi, ba ta zuwa jana'iza, ba wanda zai nuna ta da baki. A ofis ma haka za ki ce." Ya sassauta murya. "Ni na kai ki wurin nan, Uwani."

Da mai hankali ce da ta nemi lafazi mai laushi. Ni na ce, "Kawu, ba ta rikice ba. Kai ka ba ta tsohon abu, ni kuma na bar ta ta ce sabo ne. In na ce rikicewa ta yi, wani makon ma haka za ta faɗa wa wasu."

Ya juya fuskarsa bango, ya ƙara muryar rediyo. Na durƙusa na yi masa sallama, bai juyo ba.

Na iso gida la'asar sakaliya. Tsoron da na ji a hanyar dawowa ya fi na tafiya, don yanzu babu sauran addu'ar da zan ɓuya a bayanta. Baba yana zaure shi kaɗai, yana ɗinke bakin buhunmu na ƙarshe da basilla. Na durƙusa nesa da shi. Sai da ya ce, "Uwani, lafiya?" sau biyu kafin magana ta fito. Na faɗa masa tun daga tabarmar Kawu har zuwa matan sito. Ban ɓoye makin ba. Ina jira ya daka mini tsawa, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya soke basillar a jikin buhu.

"Wannan da kika faɗa yanzu, kin gani da idonki?"

"Na gani, Baba. Yau na gani."

"Ranar da kika ba da makin fa?"

"Na san ba daidai ba ne. Sauri nake yi. Kuma ina tsoron a ambaci Kawu."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni ma ranar da na tsaya a masallaci ban gani ba."

Ashe Inna tana bayan ƙyaure tana ji. Ta shigo zane a hannu.

"Malam, ku ce na'ura ce mana! Wa zai bincika? Yaya yana jinya, da wannan aikin yake ci da iyali. Ke kuma mai bakin tsiya, da kin yi shiru ranar ai sai ki yi shiru har ƙarshe."

Baba ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya sa, ya ce in biyo shi. Gida goma muka shiga kafin magariba. Ina bayansa, kaina a ƙasa. A kowace ƙofa abu ɗaya yake faɗa bayan sallama: "Kuɗin da kuka ji ran Juma'a tsoho ne, kasuwa ta faɗi. Na ba ku shaidar abin da ban gani ba. Ku yafe ni." Bai ambaci Kawu ba, bai ambace ni ba, bai kuma ce na'ura ce ba. Wasu suka yi salati, wasu suka ce ba komai da bakin da ke nuna akwai komai. Wani maƙwabcinmu, Ado, ya tsaya riƙe da ƙyaure ya ce, "Malam, da wani ne ya faɗa ai da mun bincika." Na ga kafaɗar Baba ta sauka. Zagi bai kai wannan ba.

Goggo Delu muka samu har yanzu kan buhunanta. Ta saurara har ya gama. Ba ta yi mini tsiyar 'yar boko ba, ko kallona ba ta yi ba.

"To, Malam," ta ce. "'Yan sarin da na kora, wa zai kira mini su?"

Aka sallami mai mota. Kowa ya ja kayansa ya mayar ɗaki. Da 'yan sari suka dawo sun riga sun ji labari, suka taya ƙasa da na farko, suna yi suna tambaya ko bana ba a waye ba ne. Wasu suka sayar a haka, wasu suka riƙe har zoɓon ya fara dushewa. A ranin nan an sayar da shanu a ƙauyenmu, an yi gardamar iyaka har sau biyu. Ba a kira Baba ba. Ba wanda ya ce masa komai, gaisuwa tana nan, amma in ana neman shaida sai a wuce ƙofarmu a tafi gidan liman. Duk ranar da nake gida in na ji takun mutane sun nufo, sai in riƙe numfashi, in ji sun wuce. Shi kuwa yana zaure yana tufka igiya kamar bai ji ba. Tsorona a lokacin shi ne ya mutu a haka, a binne shi da sunan wanda ya taɓa ba da shaidar banza, kuma ni ce sanadi.

Ranar Litinin da ta biyo bayan Larabar nan na koma ofis na buɗe bayanin, na goge biyar na sa ɗaya, na rubuta dalili. Malama Asabe ta karanta ta kira ni. Ta buɗo jerin waɗanda suka tambayi kuɗin zoɓo a makonnin nan, na ga sunayen garuruwa, har da Gagarawa Tasha da wasu ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba. Har yau ban san ko wani a cikinsu ya ɗauki kaya ya tafi ba. Wannan yana cikin abin da ke tsinka mini zuciya in na tuna.

"Ta yaya kika sani?" ta ce.

Na faɗa.

"Wakilin Maigatari kin san shi?"

"Kawuna ne."

"Kuma kin sani tun ranar da kika ba da biyar."

"Na sani."

Ga gaskiyar da nake so ki riƙe, Husna. Ba a kori Kawu ba. Malama ta ce rabin laifin na wanda ya ƙera wayar da ba ta karɓar ban sani ba ne, aka ƙara wurin da wakili zai danna cewa bai je ba. Kiransa kawai aka yi aka tambaye shi. Amma a ce yarinyar da ya ɗauko da hannunsa ta sa wata mace ta kira shi tana tambayarsa ko ya je kasuwa, wannan bai iya haɗiyewa ba. Ya naɗe wayar a leda ya ba direba ya kawo. Ni aka cire daga ba da maki wata uku, aka sa ni bin wakilai kasuwa-kasuwa ina rubuta ranar da kowace ke ci. Sabon bayanin kuwa ni na rubuta shi, sai da na yi kwana biyu a kan layi huɗu: "Yana ba da farashin da wakili ya gani a ranar kasuwa ta ƙarshe, ba na yau ba. Kasuwannin nan sau ɗaya suke ci a mako, kuma da kaka farashi na iya faɗuwa cikin kwanaki. Kullum ki faɗa wa mai tambaya ranar da aka ɗauko shi. In wakili bai je ba, ki ce ba ki sani ba." Malama ta ba shi huɗu. Ta ce ba ta ƙara ba da biyar ga abin da za a ɗora wa kaya.

Kawu bai zo bikina ba, bai zo sunanki ba. Inna ta huce, amma in aka ambace shi sai ta tashi ta shiga madafa. In Allah ya haɗa ku, ki durƙusa ki gaishe shi da kyau. Ba mugu ba ne. An aike shi ne, ya ji kunyar dawowa hannu rabbana.

Kaka ta zagayo. Wata Laraba ina gida, da cikinki ya fara nauyi, ina tankaɗe kusa da ƙofar zaure, sai na ji taku. Na riƙe numfashi yadda na saba. Takun bai wuce ba. Sallamar Goggo Delu ce, tana jan buhu ɗaya, ta koma ta jawo na biyu.

"Malam, kunna mini abar nan in ji ƙaryar bana."

Baba ya kira. Mai Amsa ta faɗi kuɗin, ta ƙara da cewa, "Wannan na Alhamis da ta wuce ne, kwana shida ke nan. Na yau ban sani ba."

Goggo ta yi dariya har da tari. "Oho! An yi mata tarbiyya. To ita ta ce ba ta sani ba. Kai fa, me ka ce?"

"Ban gani ba, Delu. Gobe in Allah ya kai mu zan je in gani."

"To ga su nan. Ka tafi da su. In ka gani, ka yi abin da ka gani."

Ta juya ta fita tana ɗingishi, ba ta jira amsa ba. Na leƙa ta jikin ƙyaure. Baba ya zauna yana kallon buhunan nan biyu, ya daɗe. Sai ya jawo ɗaya, ya duba bakinsa, ɗinkin Goggo duk ya saki. Ya zaro basilla. Sau uku yana kai igiya ba ta shiga ba.

"Uwani," ya ce, bai juyo ba. "Zo ki zura mini. Kuma a hankali."